Wa Ya Gano Hakeem A Sakkwato, Wa Zai Gano Namu A Diffa?

Duk fadar matasan da ka zauna a garin Diffa bayan sallar isha'i, muddin akwai tukunyar shayi da mai babbar waya, ba ka rasa gardamar wasanni. Yawancinta ta ƙwallon ƙafa ce, sai ta kokowa idan lokacin takobi ya ƙarato. A ƴan shekarun nan kuma wata ta kutso ta guntayen bidiyon Facebook da TikTok: tsakanin Michael Jordan da LeBron James wa ya fi? Yaron da bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba zai lissafo maka kofuna 6 na wancan da 4 na wannan ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ban ga laifinsu ba, yabon gwani ya zama dole. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sunan da ba na jin ana kawowa, sunan mutumin da aka zaɓa kafin Jordan a 1984, wanda kuma wata gasa a ƙasar Hausa ce ta buɗe masa ƙofar wannan wasa.

Hakeem Olajuwon nake nufi. Matsayina a fili yake: idan ɗan kwarin Komadugu zai tuna wani daga cikin zaratan shekarun 1980 da 1990, da shi ya kamata ya fara. Kuma tunawar da ta tsaya ga ƙirga kofuna, ba ta kai mu ga tambayar yadda aka yi aka gano shi ba, hirar kashe dare ce kawai.

An haife shi a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963, iyayensa Yarabawa Musulmi masu sana'ar siminti. Har ya kai shekara 15 babu ruwansa da kwando. Gola ne a filin ƙwallon ƙafa, kuma yana cikin tawagar ƙwallon hannu ta makarantarsu, Muslim Teachers College. Sai ga gasar wasannin kwalejojin malamai ta Najeriya a Sakkwato, Sakkwaton nan da ba ta kai kilomita 100 daga Birnin Ƙonni ba. Sanadin wannan gasa wani ɗalibi ɗan'uwansa ya roƙi mai horar da ƴan kwando ya gwada dogon nan na ƙwallon hannu. Aka gwada shi. A 1980 ya sauka birnin Houston na Amurka a matsayin ɗalibin jami'a. A 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi na 1 a zaɓen sababbin ƴan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, Jordan ya zo na 3, Charles Barkley na 5, John Stockton na 16. Ya shekara 17 a Houston da 1 a Toronto, ya ajiye wasa a 2002 da maki 26,946. Sau 3,830 ya kaɗe ƙwallon abokin hamayya tana kan hanyar kwando, kuma tun da aka fara ƙirga wannan babu wanda ya kamo shi.

Hujja ta farko da ake jefo mini kowa ya hardace ta. Wai kofunansa biyu, na 1994 da na 1995, tsintuwa ce don Jordan ya tafi hutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji su. To, mu duba bangon. Gaskiya ne Jordan ya ajiye wasa a Oktoba 1993, kuma babu shi a kakar da Houston ta ci kofin farko. Amma ya dawo a Maris 1995, ya buga wasannin zagayen ƙarshe, Orlando Magic ta Shaquille O'Neal ta yi waje da shi da Chicago Bulls ɗinsa 4 da 2. Wannan Orlando ɗin ce Houston ta lallasa 4 da nema a karawar kofi. Ina hutun yake a nan? Za a ce Jordan bai gama dawo da ƙarfinsa ba. Na ji. Amma a fagen kokowa wanda ya fito shi ake kamawa, ba a jiran wanda ke gida yana ɗaura laya.

Ku dubi hanyar da Houston ta bi a 1995. Ta shiga zagayen ƙarshe a matsayi na 6 a shiyyar yamma, da nasara 47 kacal a kakar. Ta kayar da Utah ta Karl Malone da Stockton mai nasara 60, ta kayar da Phoenix ta Barkley mai 59, sannan San Antonio ta David Robinson mai 62, ta rufe da Orlando mai 57. Ba a taɓa samun ƙungiyar da ta taso daga ƙasa haka ta ɗauki kofin ba. A waccan shekara Robinson aka ba kyautar gwarzon NBA, kuma a farkon karawarsu aka miƙa masa ita, Hakeem na tsaye yana kallo. Mai waya ya nemi bidiyon abin da ya biyo baya. Hakeem ya nufi kwando da ƙwallo, ya ɗaga ta kamar zai jefa, ya fasa. Ya juya a kan ƙafa ɗaya ya sake ɗagawa, Robinson, wanda ya fi shi tsawo, ya yi sama zai kaɗe. Kafin ya sauko Hakeem ya sulale ta ƙarƙashin hammatarsa ya ajiye ƙwallo a kwando. A wasanni 6 na wannan karawa, Hakeem yana cin maki 35.3 a kowane wasa, Robinson 23.8. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa waɗannan ƙafafu a filin ƙwallon ƙafa na Legas ya samo su.

Kofin 1994 ma ba a ruwan sanyi ya samu ba. New York Knicks ta Patrick Ewing tana gaba 3 da 2, saura nasara ɗaya ta ɗauki kofi. A wasa na 6, Houston na da 86, New York na da 84, saura ƴan daƙiƙoƙi, John Starks ya jefa daga nesa, jifan maki uku. Da ta shiga an gama. Hakeem ya taso daga inda yake ya taɓa ta da kan yatsa, ta kauce. A waccan kaka ya haɗa kyautar gwarzon shekara da ta gwarzon mai tsaron baya da ta gwarzon karawar kofi, abin da babu wanda ya taɓa haɗawa a kaka ɗaya. Kuma babu wani tauraro na biyu a gefensa irin Scottie Pippen da ke gefen Jordan, don Clyde Drexler, abokinsa tun jami'a, bai zo Houston ba sai Fabrairu 1995.

Ba ina cewa ya fi Jordan ba ne. Jordan ya fi shi, kuma ba na jin nauyin faɗa. Amma a cikin dogayen zamanin, masu tsayuwa ƙarƙashin kwando, ya haɗu da Ewing da Robinson da Shaquille ɗaya bayan ɗaya a ranar da ba a ɓoyon cibi, ya kai kowannensu ƙasa. Ewing da Barkley da Malone da Stockton duk sun ajiye wasa babu kofi, kuma ba hannun Jordan kaɗai ne ya hana su ba.

Hujja ta biyu ta fi zafi: wai ba namu ba ne. Ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993, ya sa rigar Amurka a wasannin Olamfik na Atlanta. Ranar 3 ga Agusta, 1996, ranar da su Nwankwo Kanu suka doke Ajantina 3 da 2 suka ɗauko wa Najeriya zinare a ƙwallon ƙafa, a ranar ne Hakeem ya samu nasa zinaren a ƙarƙashin tutar wata ƙasa. Wannan magana tana da ƙwari, ba zan yi mata kwaskwarima ba, kuma da son samu ne da koriyar riga na so ganinsa. Sai dai ina da tambaya. Wace tawaga aka tanadar masa ya guje ta? Angola ce ta wakilci Afirka a kwandon maza a Atlanta, Najeriya kuwa tawagar mazanta ba ta taka Olamfik ba sai 2012, shekara 10 bayan ya ajiye wasa. Irin wannan ƙorafi aka yi wa Joel Embiid ɗan Kamaru da ya sa rigar Amurka a Faris a 2024. Muddin mu ke haifa wasu ke raino, za mu daɗe muna wannan kuka.

Ni kuma a wajena akwai wani zama namu da ya wuce fasfo. Mahaifin da ke hana ɗansa wasa a Diffa ko Maine-Soroa yawanci tsoronsa ɗaya ne, kada yaro ya bar salla ya lalace. Wa za ka nuna masa? A farkon zamansa a NBA an san Hakeem da zafin kai da faɗa a fili, ba waliyyi aka haife shi ba. Wajen 1991 ya koma ga addininsa da gaske. Yana azumin Ramadan ana tsakiyar kaka, kuma a Fabrairu 1995, watan da ya dace da azumi, shi aka zaɓa gwarzon wata a NBA gaba ɗaya. Lokacin da takalman da ke ɗauke da sunan manyan ƴan wasa suka haura dalar Amurka 100, shi ya sa sunansa a kan na kamfanin Spalding da ake sayarwa dala 35, don uwa mai ƴaƴa da ƙaramin albashi ta iya saya. Da ya shiga harkar filaye da gidaje a Houston, da kuɗi hannu yake saye, ba ya cin bashin ruwa. Wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin ya saya ya mayar da shi masallaci da cibiyar da'awa. Wane bidiyon TikTok ne ya taɓa nuna wa yaranmu wannan?

Idan kuwa ma'aunin shi ne abin da mutum ya komar gida Afirka, to akwai biyu a zamaninsa da nake sa su gabansa. Dikembe Mutombo na Kinshasa, wanda ke bin Hakeem a yawan kaɗe ƙwallo da 3,289, ya gina babban asibiti a garinsu da sunan mahaifiyarsa, Biamba Marie, aka buɗe a 2007. Ya rasu ranar 30 ga Satumba, 2024, yana da shekara 58. Manute Bol kuma, ɗan makiyayan Dinka mai tsawon mita 2.31, ya ƙarar da abin da ya samu a kan mutanensa da yaƙin Sudan ya ɗaiɗaita, ya rasu a 2010 yana da shekara 47. A kan Bol zan tsaya, don labarinsa ne amsar hujja ta uku, wadda ta fi duk sauran nauyi.

Wani dattijo manomin tattasai a bakin kogi ne ya faɗa mini ita a taƙaice. "Ɗana," in ji shi, "mu da muke neman yadda taki zai kai gona, ku kuna maganar ƙwallo?" Baba bai faɗi ƙarya ba. Tun harin 6 ga Fabrairu, 2015 a Bosso da Diffa wannan jaha ba ta koma yadda take ba. An sa dokar ta-ɓaci, an hana babura, an taƙaita cinikin kifi da tattasai da taki, an tashi ƙauyukan bakin ruwa, jama'a suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya da sansanin Sayam Forage. Makarantu fiye da 100 aka rufe a waccan shekara. Wanda ya tsira daga bindiga kuma ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta same shi. A irin wannan hali, wa ke da bakin maganar kwando?

Amsata ita ce Sudan ta Kudu. Lokacin da yaƙi ya kori iyalin Deng zuwa Masar, a can suka haɗu da Manute Bol, ya koya wa yayyen gidan wasan, ƙaraminsu Luol ya ɗauka. Wannan ɗan gudun hijira ya shekara 15 a NBA, a 2019 ya karɓi shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasarsa, ƙasar da ba ta samu ƴancin kai ba sai 2011. Ya tattaro ƴaƴan gudun hijira daga ko'ina. A Yulin 2024 suka kara da Amurka ta su LeBron a Landan, aka tashi 101 da 100, da ƙyar Amurka ta sha. Kwanaki kaɗan bayan haka suka ci wasansu na farko a tarihin Olamfik, a kan Puerto Rico. Shin Sudan ta Kudu ta gama magance yunwa da yaƙi ne kafin ta fara? Ƙwallo ba ta ciyar da kowa a can ba, kuma ba za ta kai taki gonar Baba ba. Amma saurayin da ba ya aji, ba ya gona, ba ya kan babur, yana wani wuri, kuma duk mun san masu zuwa neman irinsa.

Akwai wani abu game da wannan wasa da ya sa ya dace da mu fiye da yadda ake zato. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne a ƙwallon ƙafa: wanda bai fara tun yana ƙarami ba, ya makara. A kwando dogo yana da rangwame. Hakeem ya fara a shekara 15. Embiid ma a 15, daga ƙwallon raga da ta ƙafa, kuma a sansanin horo na Luc Mbah a Moute a Kamaru aka gan shi. Pascal Siakam ya fi su makara, shi ma a sansanin Mbah a Moute aka tsince shi. Bol sai da ya zama saurayi yana bin shanu. Dukkansu sun makara, dukkansu kuma a wani taro ne wani mai ido ya hango su. Yanzu ku yi lissafi. Yaron da aka haifa a Bosso ko Gueskerou a 2010 yana da shekara 5 aka kore su daga gida. Ƙuruciyarsa ta tafi a gudu. A 2025 ya cika 15, daidai shekarun Hakeem a gasar Sakkwato. A wasanni da yawa an riga an bar shi a baya. A wannan wasa ƙofa ba ta rufe ba tukuna.

Dogayen fa, muna da su? Ku je kasuwar tattasai ranar da manyan motoci ke lodi. Za ku ga saurayin da ke miƙa buhu saman mota ba tare da ya taka komai ba, tafin hannunsa ya rufe bakin kwano, silifas ɗinsa ya gaza dugadugansa. Cikin Barebari da Fulani da Tubawa da Larabawa da Buduma na wannan jaha ba a rasa irinsa. A kasuwar nan dillali yana zura hannu cikin buhu ya murza tattasai ya faɗa maka ko na fari ne ko na baya, kafin mai kaya ya buɗe baki. Irin wannan idon ne ba mu da shi a kan ƴaƴanmu. Zariya ta samu nata a wajen Oliver B. Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. A hannunsa Masai Ujiri ya taso, wanda ya shugabanci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, ya kuma kafa shirin Giants of Africa tun 2003 don neman yara irin waɗannan. Mutum ɗaya da fili ɗaya, ga abin da suka haifar.

Masu cewa muna da kokowa, me za mu yi da wasan Turawa, ina tare da su rabin hanya. Kokowa ce ma hujjata. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, Nijar ta nuna ta san yadda ake kafa tsani: daga dandalin ƙauye bayan girbi zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha, kowace jaha cikin 8 ta fitar da 10, a haɗu a fage ɗaya. Diffa da kanta ta karɓi baƙuncin gasar a ƙarshen 2022, Issaka Issaka na Dosso ya tafi da takobi. Kuma dubi yadda kokowa ke tuna mazajenta: makaɗi ya ambaci na jiya, yaro na gefen fage ya ji tsikar jikinsa ta tashi, gobe ya ɗaura walki ya shiga. Tunawa ce mai haihuwa. Issaka Daboré da ya kawo wa Nijar tagulla a dambe a Munich a 1972, da Abdoul Razak Alfaga da ya kawo azurfa a tekwando a Rio a 2016, ai ba wasannin kakanninmu suka yi ba, kuma babu wanda ya ce lambobinsu ba namu ba ne.

Na shiga wata sakandare a garin nan da ke da filin kwando. Ƙarfen kwandon ya lanƙwashe ƙasa, allon katakon ya ruɓe ya bar ƙusoshi, simintin ya farfashe ciyawa ta fito. Ƙwallo ɗaya ce a makarantar, tana kulle a ofis don gudun kada ƙaya ta fasa ta. Malamin motsa jiki yana nan, ya san wasan, yana son koyarwa. Abin da ya rasa bai kai kuɗin walimar buɗe taro ɗaya ba. Filin kwando mita 28 ne da 15, yana shiga cikin katangar makaranta, abin da ke da muhimmanci a garin da ake taka-tsantsan da taron jama'a. Na mutum uku-uku, wanda ya shiga Olamfik tun wasannin Tokyo, rabin fili da kwando ɗaya yake buƙata. An yi gine-gine a garin nan lokacin bikin Diffa N'Glaa na 18 ga Disamba, 2021, mun gode, amma gini ba ya gano yaro. Gasa ke gano shi.

Don haka abin da nake kira a yi ba babba ba ne. Gasar makarantu sau ɗaya a shekara, a lokacin sanyi, tsakanin gundumomin jahar 6: Diffa, Maine-Soroa, Goudoumaria, N'Guigmi, Bosso da N'Gourti, har da makarantun ƴan gudun hijira. Maza da mata, don ƴan matan Najeriya sun ɗauki kofin Afirka sau 5 a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris sun kai zagayen ƴan takwas, inda wata tawagar kwando ta Afirka ba ta taɓa kaiwa ba. A gayyato masu horarwa daga Yamai da Damagaram su zo su zauna su kalla. Attajiran tattasai da na banda su ɗauki ƙwallaye da kuɗin mota, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada kuma a yaudari kowa. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, mutum 60 ake zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya, kuma zai yiwu a shekara 50 ba a samu ɗan Diffa ko ɗaya a cikinsu ba. Abin da ke kusa da hannu shi ne yaro ya zauna a aji saboda yana son a sa shi a tawaga, ya samu gurbin karatu, ko ya kai ƙungiya irin Nigelec ta Yamai da ta wakilci Nijar a share fagen gasar BAL ta Afirka, ko Kano Pillars a tsallaken iyaka. Da zarar an fara ganin dogayen yaranmu a fili, masu jaka za su zo da alkawarin Turai da Amurka, kamar yadda suka yi wa iyaye da yawa a ƙwallon ƙafa. Hakeem a matsayin ɗalibi ya tafi, jami'a ce ta karɓe shi. Duk wanda ya zo da maganar fitar da yaro, a tambaye shi sunan makarantar da takardar gurbin karatu, a kai wa hukumar wasan ta tantance, kafin uba ya sayar da ko akuya ɗaya.